Ruwan Kaka Marin

Daga gida, ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga Mamata abin ƙaunata,

Ina miƙo miki gaisuwa mai yawa daga nan gida, da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Ubangiji ya tsare min ke a ƙasar mutane, ya sassauta miki ciwon bayan nan, ya kuma ba tsohuwar da kike jinya barci mai nauyi don ke ma ki samu ki runtsa. Mu nan lafiya muke, sai gajiya. Ƙanena Vlăduț ya fitar da haƙorin gaba, yana yawo da shi a aljihu yana nuna wa mutane. Kawu Sandu har yanzu yana bakin titi da tulin kankana, rana ta ƙona shi ƙurmus, ya ce bana an samu amma babu kasuwa. Kaka ma ta warware, jiya har ta shiga lambu ta tsinko tumatir. Na ce ta warware ne domin ta ɗan sha wuya a jirgi, kuma abin da ya sa na zauna rubuta miki ke nan. Kin san ni a waya, da kin tambaye ni sai in ce lafiya, in rasa sauran. Ranar da muka dawo kin tambaye ni ko mun ji daɗi, na ce e, kina jira in ƙara, ban iya ba. A takarda ba mai kallona, don haka zan faɗa miki yadda aka yi tun daga farko.

Kin tuna bayan an binne babanki, Kaka Marin, ni aka zaɓa in ɗebo masa ruwa, tunda ni ce yarinya mace a gidan. Kwana arba'in ina tashi kafin rana ta yi zafi, in cika shuɗin bokitin nan a rijiya, in kai gidajen maƙwabta in juye musu, su ce Allah ya kai masa. Kin ce a waya a daina wahalar da ni, Kaka ta ce mamaci ba ya iya ɗebo wa kansa. Ni dai ban ƙi ba, duk da tafin hannuna ya yi kanta. Abin da ya rage shi ne a je bakin ruwa mai gudu a saki ruwan, a kunna kyandir a kan katako a tura, sannan ya isa gare shi ya sha. Maƙwabciyarmu Tanti Nuța ta ce mu hau keken dokin mijinta mu gangara kogin Dunărea, ga shi nan kusa, kafin rana ta take mun dawo. Kaka ta ƙi. Ta ce a kwanakin Kaka Marin na ƙarshe ba abin da yake ambata sai ruwan Ogradena, ƙauyen da aka haife shi, wanda ruwan madatsa ya shanye tun yana saurayi, kuma ta yi masa alkawari a can za a sakar masa, a saman gidan ubansa. Kawu Sandu kullum sai ya ce a bari a gama kankana zai kai ta. Arba'in ta zo ta wuce. Kaka ta rage barci, tana cewa tsohon yana can kowa na shan nasa shi yana kallo.

Ana cikin haka tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa da kika saya mana ya iso. Kin ce mu je mu huta, mu ci abincin da wani ya dafa, mu kwanta a gadon da wani ya gyara. Kawu ya ce Kaka ba za ta taɓa yarda ba, matar da ba ta iya barin kajinta kwana ɗaya. Ita kuwa ta sa na karanta mata garuruwan da jirgin zai bi, da na zo kan Orșova ta ce in tsaya in sake karantawa, domin tsohuwar Ogradena tana nan kusa da ita a ƙarƙashin ruwa. Daga nan ta tashi ta fara haɗa kaya. Ta ce kada in faɗa miki, don kada ki ce an mai da kyautarki zaman makoki. Ta sa Kawu ya sassaƙa mata ɗan katako mai siffar gicciye da ramukan kyandir, ta gasa burodin sadaka, ta naɗe sabon farin tawul, ta zuba su duka a bokitin ta rufe da ɗankwali. Haka muka isa tashar Giurgiu, Mama, bayan doguwar tafiya a motar Kawu. Mutane na jan akwatuna masu taya, da hulunan rana da tabarau, ni kuma ina bayan Kaka cikin rawayar rigar da kika aiko, riƙe da bokiti. Saurayin da ke karɓar kaya ya ce in kawo ya kai kicin, ya zaci na ma'aikata ne. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jirgin ƙarami ne, kwana ɗaya ya isa a san fuskar kowa, kuma ba inda mutum zai ɓuya. Ɗakinmu yana ƙasa kusa da inji, tagarsa 'yar zagaye ce dab da ruwa. Yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba, amma gadon yana rawa duk dare kamar an ɗora shi kan injin niƙa. Tun safiyar farko Kaka ta yi faɗa da mai gyaran ɗakuna, wata mata mai jiki ana ce mata Tanti Geta. Ta shigo ta tarar Kaka ta gyara gado, ta share ƙasa da hannu, ta wanke kofuna. Ta ce, "Haba uwata, so kike a kore ni? Ki bar min ko ƙura ɗaya in nuna wa manaja." Kaka ta ce ita tunda aka haife ta wata ba ta taɓa ganin shimfiɗarta a hargitse ba, kuma ba a kan ruwa za a fara ba. Daga baya da suka gane duk 'yan yankinmu ne sai suka shirya, har Tanti Geta ta leƙa bokitin, ta yi alamar gicciye.

Wurin cin abinci ya fi ba ni wuya. Ba a barin mutum ya zauna shi kaɗai, an haɗa mu tebur da wani tsohon direban jirgin ƙasa, Nea Costel, da matarsa. Mutumin nan bakinsa ba ya hutawa. Tun da ya gan ni a tasha ya sa min suna Gimbiyar Bokiti, kullum kuma sai ya tambaye ni ko na bar harshena a gida ne, ko yana cikin bokitin tare da sauran kaya. Matarsa ta riƙa taka masa ƙafa tana cewa ya ƙyale yarinya, shi kuma ya ce ai taimakona yake yi, wai yarinyar da ba ta magana miji kurma za a ba ta. Kowa ya yi dariya, ni kuma in kalli faranti. Cokula da wuƙaƙe sun yi yawa, ban san da wanne ake farawa ba, sai in jira in ga wanda matarsa ta ɗauka. Sau ɗaya miyar ba gishiri, ga gishirin kusa da hannunsa, na sha ta haka har ta ƙare. Kaka kuwa ba ta jin kunyar kowa. Ta ce kifin an yi masa kwalliya kamar amarya amma ba a dafa shi ba, ta tambayi mai kawo abinci ko ba su da garin masara a tuƙa wa mutane tuwo su ƙoshi. Nea Costel ya ce da ya san da ita tun yana saurayi da ita ya aura, ta ce da ya daɗe da yin shiru.

Hotunan da na turo miki na kwanakin farko ne. Ba ƙarya a cikinsu, akwai tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, akwai faɗuwar rana a kan ruwa, kuma na so ki gani. Amma hutun nan aiki ne, Mama. Ana tashin mu da wuri, a sauke mu a gari, mu bi wata budurwa mai ɗaga lema tana bayani cikin zafin rana, daga coci zuwa gidan tarihi, daga nan zuwa wurin sayar da tsaraba. Da yamma a kunna kiɗa a saman jirgi a ce kowa ya tashi ya yi rawa. Kaka ba ta sauka ko sau ɗaya ba. Takan zauna a gaban jirgi cikin baƙaƙen kayanta tana kallon inda muka nufa, duk ma'aikacin da ya wuce ta tambaye shi saura nawa a kai Orșova, har suka fara canja hanya idan sun hango ta.

Tun daga tasha ake ta maganar ruwa ya ja baya, rabon da a yi ruwan sama an daɗe. Muna tafiya tudun yashi na fitowa a tsakiyar kogi, jirgin yana kewaye su a hankali kamar tsohuwa a kasuwa. Wata rana muna cin abincin rana sai muka ji ƙasan jirgin ya goga, miya ta zube a kan tebur, inji ya yi gurnani ya yi gurnani, sannan ya mutu. Aka ce a kwantar da hankali, za a jira a sako ruwa daga madatsa. Muka hau sama muna kallo. Kaka ta sa hannu ta kare ido ta daɗe tana duban gaɓar da ke ɓangarenmu, sannan ta ce min, "Larisa, waccan ba hasumiyar cocin su Floarea ba ce?" Ita ce, Mama, cocin ƙauyen ƙanwarta. Mun yi tafiyar wuni guda a mota zuwa gabas, mun yi kwanaki a ruwa muna dawowa yamma, jirgin ya zo ya kafe a daidai inda keken dokin mijin Tanti Nuța zai iya kawo mu. Da Nea Costel ya ji haka ya yi dariya har ya ƙware, ya ce Kaka ta ɗaga murya ta kira kajinta, ƙila su amsa.

Zaman jiran nan shi ya gajiyar da kowa. Ba iska, ƙarfen jirgi ya yi zafi har ba ya taɓuwa, da yamma sauro ya taso daga ciyawar bakin ruwa kamar hayaƙi. Aka daina kiɗa. Mutanen da ke rawa tare shekaranjiya suka koma faɗa kan kujerar inuwa. Kullum a ce gobe, goben ta zo ruwan ya ƙara sauka, har muka fara ganin alamar inda yake jiya a jikin yashi. A ƙarshe kyaftin ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya ce ba za a iya ci gaba ba. Jibi za a kwashe mu da ƙananan jirage zuwa gaɓa, motoci su mai da mu Giurgiu, wanda yake so kuma a ba shi wata tafiyar idan ruwa ya dawo bayan hunturu. Wuri ya kaure da hayaniya. Kaka ta ture kofin ruwan da ke gabanta zuwa tsakiyar tebur, ta tashi ta sauka ɗaki.

Na zaci fushi ne na ɗan lokaci. Da dare ya yi na kai mata ruwa ta sha maganin hawan jininta, ta haɗiye ƙwayar haka a bushe. Na ce ta sha ko kurɓi ɗaya ne. Ta ce da wane baki za ta sha, mutumin da ta zauna da shi tun tana budurwa yana can maƙogwaronsa a bushe saboda alkawarin da ta kasa cikawa, kuma ana ce mata ya jira har bayan hunturu. Ta ce idan zai jira, tare za su jira. Washegari ba ta taɓa shayi ba, ba ta taɓa miya ba, ko kankanar da Tanti Geta ta yanko mata ta ce a ɗauke, wai ita ma ruwa ce. Kafin rana ta karkata leɓenta ya tsage, idanunta sun faɗa, da ta miƙe za ta shiga banɗaki sai da na tare ta. Nea Costel ya sauko da kwalba a hannu yana wasa, ya ce in ba za ta sha ruwa ba ga giya, ita ba a yi alkawari a kanta ba. Ta kalle shi kawai. Tanti Geta ta ja ni waje ta ce in har gari ya waye ba ta sha ba, dole ta faɗa wa kyaftin a kira jirgin asibiti, kuma kin san Kaka, ta sha faɗa cewa ranar da aka kwantar da ita a asibiti ranar za a fara yi mata ɗinkin likkafani. Na ɗauki waya zan kira ki, na ajiye. Me za ki iya yi daga can in ban da kuka?

Na koma ɗaki na zauna a bakin gadona ina kallon ta. Ban san daga ina maganar ta fito ba, ina jin gajiya ce ta yi min yawa. Na ce mata ba ita ta ɗebo ruwan ba, ni na ɗebo, hannuna ne ya yi kanta, kuma wadda ta ɗebo ita ke saki. Na ce gobe da safe zan sake shi a nan, ko ta zo ko kada ta zo. Na ce ruwan da muke zaune a kansa daga can sama yake gangarowa, ya riga ya bi ta kan gidan ubansa kafin ya iso mu, kuma Kaka Marin da na sani idan ya dawo daga gona yana jin ƙishi bai taɓa tambayar daga wace rijiya aka ɗebo ba. Ta juyo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da busasshiyar murya, "Wa ya ara miki baki?" Na ce ba kowa. Ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce ai ba a kunna wuta a jirgin nan, an rubuta a ko'ina, kuma ba mu da mai shaida. Da na ji haka na san ba ta ce a'a ba.

Hawa matakalar zuwa ɗakin kyaftin ya fi min kwana arba'in ɗin nan wuya. Na je bakin ƙofa na dawo, na sake komawa. Yana zaune ya cire hula, gashinsa ya jiƙe da gumi, da ya gan ni ya ce in iyayena ne suka aiko ni kan maganar mayar da kuɗi, in ce musu ba shi ne kamfani ba. Na tsaya ina kallon ƙasa. Ya ce, "To, 'yata, ni da ke duk ba inda za mu je, ina jira." Sai na faɗa masa, a hargitse, na fara daga ƙarshe na koma farko. Shi mutumin garin Brăila ne, ba ɗan yankinmu ba, ya ce bai taɓa jin ana yin haka ba, kakarsa dafaffiyar alkama kawai take rabawa. Ya ce wuta a jirginsa ba zai yarda ba ko ta wane ne, amma da safe yaransa biyu za su fita a kwalekwale su gwada zurfin ruwa, kuma tudun yashin da ke gabanmu a ɓangaren ƙasarmu yake, ba na Bulgariya da ke tsallaken kogi ba. In za mu sa rigar ceto, su sauke mu a can. Ya ce kwana da kwanaki kowa na hawowa yana neman abin da ba shi da shi, ni ce ta farko da ta roƙi abin da zai iya bayarwa.

Saura mai shaida, wanda dole ya zama ba ɗan gida ba. Na so Tanti Geta, amma safiya lokacin aikinta ne. Ita ce ta je ta faɗa wa Nea Costel ba tare da ta tambaye ni ba. Da gari ya waye muka same shi a bakin matakala ya aske gemu, ya sa farar riga mai dogon hannu, rigar ceton ta ƙi rufuwa a kan tumbinsa. Sai da ma'aikata biyu suka ɗaga Kaka suka sa ta a kwalekwale, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yashin yana da sanyi a lokacin, duk sawun tsuntsaye. Na ɗebo ruwa daga inda yake gudu, Kaka ta shimfiɗa tawul a bakin ruwa, ta jera burodin, ta kafa kyandirori a katakon. Da na ɗaga kai sai na ga duk mutanen jirgin sun jeru a sama suna kallon mu, wasu da kofin shayi, wasu sun ɗaga waya.

Kin san yadda ake yi, sau uku ake zuba ruwa a kan tawul, kowane zubi a tambayi mai shaida ko ya shaida an ɗebo wa mamaci ruwa an kuma sakar masa, shi kuma ya amsa. Na zuba na farko, na yi tambayar, ni kaina ban ji muryata ba. Nea Costel ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Gimbiya, shekaru na yi a cikin ƙarar inji, kunnen nan ya mutu rabi. Ba zan shaida abin da ban ji ba, kada in je can tsohon ya riƙe min wuya." Na zaci tsokana ce, na dube shi, ba dariya a fuskarsa. Na sake faɗa, ya girgiza kai. Sai na rufe ido na ɗaga murya har na ji ta dawo min daga jikin jirgi. Ya cire hula ya ce ya shaida. Na biyu ya zo da sauƙi. Kafin na uku Kaka ta riƙe min hannu ta ce in ambaci waɗanda suka aiko da ruwan, Leana matarsa, wato ita kanta, da Sandu, da ni. Sannan ta ce, "Da Marcela. Ita ta kawo mu bakin ruwan." Mama, tun ranar jana'izar da ba ki samu zuwa ba ban ji sunanki a bakinta ba, sai dai ta ce uwarki. Na faɗi sunanki da ƙarfi kamar sauran, kuma an shaida.

Ɗaya daga ma'aikatan ya ba mu ashana, muka kunna kyandirorin, Kaka ta ɗora katakon a kan ruwa da hannunta. Ya tafi kaɗan yana juyawa, sai ya hau yashi ya tsaya cak, kamar jirginmu. Na ji wata mata a sama ta ce wayyo. Kin san abin da ake cewa idan katako ya ƙi tafiya, wai mamaci bai karɓa ba. Ban tsaya tunani ba, na shiga ruwan da rigar da kika aiko, ya kai min gwiwa, ya kai min ƙugu, na ɗago katakon a hankali don kada wutar ta mutu, na kai shi inda na ji ruwa yana jan ƙafata, na sake shi. Ya tafi. Kyandir ɗaya ya mutu, sauran suna ci har muka daina ganin su. Da na fito ina ɗiga, Kaka ta ce haka yake tun yana da rai, ko coci za shi sai an tura shi. Ta zauna a kan yashi, ta miƙa hannu ba ta dubi kowa ba, Nea Costel ya sa mata gorar ruwa a ciki. Ta ɗiga kaɗan a ƙasa, sannan ta sha. Tana sha ina kallon maƙogwaronta yana motsi, ban san ina kuka ba sai da ma'aikacin ya miƙo min hankicinsa. Burodin da tawul ɗin ta ba ma'aikatan sadaka, bokitin kuma ta ba Tanti Geta, ta ce an gama da shi.

Ba mu bi motocin zuwa Giurgiu ba. Da aka sauke mu a gaɓa Kaka ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta tafi gabas don ta dawo yamma, muka kira Kawu Sandu ya zo da motar kankana ya ɗauke mu, kafin rana ta faɗi tana cikin kajinta tana yi musu faɗa. Nea Costel ya sumbaci hannunta da za mu rabu, ni kuma ya ce in ci gaba da magana yanzu da aka gano inda harshen yake. Na ɗaga masa hannu. Ni kam da muka iso na kwanta, ban san inda kaina yake ba sai washegari da rana. Har yanzu idan na rufe ido ina jin gadon yana rawa. Rigar ta yi tabon laka a ƙasa, na wanke bai fita duka ba, ki yi haƙuri. Game da tafiyar da suka ce za su ba mu bayan hunturu, don Allah kada ki karɓa mana. Kaka ta ce ta ga ruwa ya ishe ta, ni ma haka. Kada kuma ki ji kamar wahalarki ta tafi a banza. Ba mu kai Orșova ba, ba mu huta ba, amma Kaka tana barci yanzu har da minshari, tana cin abinci, kuma ta ce in rubuta miki cewa babanki ya sha ruwa, ki daina sa abin a ranki.

Kaka tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi da yamma ko da kin ga ana zafi. Kawu Sandu da matarsa Tanti Lili suna gaishe ki, haka ma Tanti Nuța, wadda tun da ta ji inda muka saki ruwan take dariya, ta ce dokinsu ya yi fushi an raina shi. Vlăduț ya ce in tambaye ki ko a can ma ana ba yara kuɗin haƙori. Ki gai da Tanti Rodica da kuke ɗaki ɗaya, ki gai da tsohuwarki ko da ba za ta gane ko wace ce ni ba. Hannuna ya gaji, zan tsaya nan. Ubangiji ya kiyaye ki, ya dawo mana da ke lafiya.

Ina sumbatar hannunki,
'yarki,
Larisa